Kirari a Filin Tanis

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Ruwais lafiya lau.

Kafilina, wato ubangidana na wurin aiki, ya tafi da ni Dubai kallon babbar gasar tanis. Ranar wasan ƙarshe, gwanina ya ɗaga ƙwallo zai buga, na miƙe na zuba masa kirari irin na dambe: "Sai kai, gagara gasa!" Ƙwallo ta faɗa raga, bugun ya ɓaci. Jama'a suka juyo kaina kamar na yi sata. Wai shiru ake yi! Mai gadi ya ja ni har waje: "Yalla, halas!" Wato in wuce, zance ya ƙare. Tir! Wasa ne ko zaman makoki?

A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna. In ta tambayi wanda ya ci, ka ce mai gadi.

Ƙaninka,
Habu