Yadda Na Durƙusa wa Ragon Mai Gyaran Keke

Zuwa ga jikana, angona na ƙarya,

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici: wane baƙo ne ba shi da baki, siririn zare ya fi shi kauri, amma ya aika saƙo aka hana maigida shiga ɗaki? Ka riƙe shi tukuna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke ta gunaguni. Babanka ya warware daga mura, uwarka kuma tana nan da faɗanta.

Maganar tunkiyarka ce, wadda ka bar mini amana. Na kai ta wurin ragon maƙwabcinmu, tsohon nan mai gyaran keke, abokin hirar marigayi kakanka. Ta kwana biyu can na ɗauko ta. Da na ga shiru, ba ciki ba alamarsa, sai na mayar da ita. Rago ya matso, ta juya masa baya, har ta kai masa karo. Ni kuwa bakina ka san shi. A gaban rumfarsa, mutane cike suna jiran faci, na ce ragonsa ƙaho ne kawai da gemu, ko tunkiya ta gane ado ne, kuma da alama halin ubangidansa ya ɗauko. Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sunkuya ya ci gaba da bugun famfo, daga ranar kuma ko sallamata ya daina amsawa. Mutumin da ya ɗauki gawar kakanka a kafaɗa.

Na ja tunkiyar zuwa wurin likitar dabbobi, na ce ta yi mata allurar da ke sa tunkiya neman rago, zan nemo wani. Ta ce a'a, sai ta duba. Ta goga mata na'ura a ciki, ta juyo mini da allon, ta ce ga 'ya'ya nan biyu a cikinta. Ta ce tun ɗan bai zama komai ba yake fitar da wani sinadari da ke gaya wa mahaifa cewa ya sauka. Da jin haka mahaifa ke fasa rushe sinadarin da ke riƙe ciki, tunkiya kuma ta daina sha'awar rago. Allurar da na roƙa kuwa, ta ce, da an yi mata, da ta zubar da su. Ni da na haifi tara, yarinya sa'ar jikata tana karanta mini ciki. Na rasa inda zan sa fuskata.

Daga can rumfarsa na nufa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba shi na zaga ba, in je in gaya wa mai ƙahon. Na duba ko wasa yake, na ga ba wasa. Haka na durƙusa da wannan gwiwar a gaban rago, yana tuƙa yana kallona, na ce ya yafe mini. Sai a lokacin tsohon ya yi dariya har da tari, ya miƙo hannu ya tashe ni. Yanzu duk unguwa surukar rago suke ce mini. Kada ka kuskura ka kira ni haka.

Ka gaida Gajere abokin ɗakinka. Gwaggonka tela da Auta suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Kakarka

Amsar kacici-kacicin kuwa, ɗan tayin tunkiya ne.