Sarkin Yaƙin da Ya Aske Kansa

Al Wukair, azumin shekarar korona

Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar? Korona ta kulle mu a nan ƙasar waje, sai talabijin. Jikarka Ruƙayya ta kunna min labarin wani sarkin yaƙin Japan na zamanin da, mai hular ƙarfe da ƙaho. Ba na jin yarensu, amma na gane shi sarai, taurin kansa irin naka ne. Yanzu har mafarkinsa nake yi, yana tafe cikin gajimare, furanni na zuba a kafaɗarsa. Da ya tsufa sai ya aske kai, ya miƙa wa ƙanensa takobi da ragamar dangi, ya hau dutse wurin uwargidansa, suna shan shayi suna kallon wata a cikin tafki.

Likita ya ce ƙafar za ta gyaru in ka zo. Ƙanenka Nasidi zai iya riƙe maƙera.

Taka,
Safiyyatu

Kazaure, bayan ƙaramar salla

Hajiya,

Bayan sallama. Ƙafa da sauƙi. Sarauta ba riga ba ce da za a tuɓe. Na tambayi Ruƙayya ta waya, ta ce mutumin bai aske komai ba, a kan doki ya mutu da kibiya a wuya. Ki ji tsoron Allah.

Amma ki duba min takobin nasa, yaya suka yi masa baki?

Wassalam,
Sabo

Al Wukair, lokacin ƙwallon duniya

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Na ce ba zan dawo ba sai ka zo ka ɗauke ni, ga shi har duniya ta riga ka zuwa. Jiya a filin ƙwallon Lusail na ga wani tsoho Bajafane da hular kwali mai ƙaho, matarsa na riƙe da hannunsa. Na bi su da ido har suka ɓace cikin fitilu.

Nasidi ya ce yanzu ɗaukarka ake yi zuwa maƙera.

Gaskiyar Ruƙayya ce, nata sarkin ya mutu a kan doki, matarsa a bakin mutane ta ji. Nawa yana nan da ransa, jiya ma ya ƙone harshe da shayi. Zaɓi ɗaya, tsoho.

Taka har yanzu,
Safiyyatu

Kazaure

Hajiya,

Sallama. An naɗa Nasidi ranar Juma'a. Tun daga ranar na rasa inda zan ajiye hannuwana. Jirgina Laraba. Kada a zo min da keken marasa lafiya, ke za ki riƙe ni.

Wassalam,
Sabo