Godiyar da Za a Rataye a Bango

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyuna. Ki gaishe min da Mama.

Yaya, na je ganawar nan a kamfanin burodin da nake neman gurbin sanin makamar aiki. Ofishin Manaja tas, sai ƙamshi da sanyin na'ura. Ya duba takarduna, ya ce ɗalibar tsaftar abinci ai irina suke nema, sannan ya ce mu zagaya ciki. Ina ma ban je ba!

A ɗakin fulawa, wani ma'aikaci yana tankaɗe fulawa da rariya yana fitar da kashin ɓera, yana hira abinsa. Mai kwaɓi ba riga a jikinsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa cikin kwaɓin, ya share hanci da bayan hannu ya ci gaba. Burodin da aka dawo da shi daga shaguna, wanda ya yi fumfuna, sai su yanke wurin, su jiƙa sauran, su zuba a sabon kwaɓi. Kyankyasai kuwa ko gudu ba sa yi, gidansu ne. Manaja yana ta murmushi yana cewa, "Kin ga mu ba ma ɓarna."

Da zan fito ya ce in kawo masa wasiƙar godiya, a takarda, da sa hannuna da sunan sashenmu na makaranta, in faɗi abin da ya burge ni. Wai daga wasiƙar yake gane ɗalibi mai tarbiyya. Kin san sauran wuraren duk sun cika. Idan ban kai wa makaranta takardar karɓa kafin ƙarshen wata ba, sai baɗi zan gama. To me zan ce ya burge ni, ƙibar ɓerayen?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, 'yan biyu suna gaishe ki, Mama ma haka.

Na karanta wasiƙarki, kuma ban yi mamaki ba. Ke da tun kina yarinya idan ƙuda ya gifta ta kan kwanonki shi ke nan kin ƙoshi. Wane wurin aiki ne ba shi da ƙazantarsa? Shekarata nawa a ofis ina gaishe da mutanen da ko kallonsu ba na son yi. Ba aurensu aka ce ki yi ba, 'yan watanni ne ki karɓi takardarki ki kama gabanki.

Wasiƙar godiya ba wa'azi ba ce. Ki fara da gode masa da ya ba ki lokacinsa. A sakin layi na biyu ki ambaci abu guda da ya tsaya miki a rai, don ya san da hankalinki kika zagaya; ki ce tsari da tsaftar aikinsu sun burge ki, kowa haka yake rubutawa. Ki rufe da cewa a shirye kike ki fara. Ban da kirari, ban da roƙo, kada ta wuce rabin shafi, kuma kada ki bari ta kwana biyu.

Ki tuna Mama ta gama shela wa maƙwabta cewa bana autarta za ta gama, har ɗinkin da za ta sa ta kai wa tela. Kada ki ja mana abin magana saboda tsirfarki.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na bi maganarki tiryan-tiryan. Na rubuta, har da "tsari da tsaftar aikinku sun burge ni ƙwarai". Na sa hannu, na ninke, na kai da kaina.

Aka ce Manaja yana da baƙo, in jira a baranda. Ranar farko ta ƙofar gefe aka shigar da ni, shi ya sa ban ga barandar ba. Yaya, bangon nan daga sama har ƙasa wasiƙun godiya ne na ɗalibai irina, kowace a cikin gilashi, an goge ta tana sheƙi. Duk bakinsu ɗaya: tsafta, tsari, burgewa. Har ta wata 'yar sashenmu na gani, wadda ta yi nata bara, wadda tun lokacin ko burodin wani ta gani sai ta kau da kai. Ashe dalilin ke nan, munafuka, ba ta taɓa faɗa mana ba.

Ina tsaye sai ga Manaja ya fito da baƙon, ashe jami'in duba-gari ne. Ya kawo shi gaban bangon yana nunawa: "Ranka ya daɗe, waɗannan duk masana tsaftar abinci ne, ga shaidarsu da sa hannunsu." Mutumin ya karanta biyu-uku yana gyaɗa kai, ya shanye shayinsa, ya sa hannu a takardarsa, ya tafi. Ko ƙofar ɗakin fulawa bai kalla ba. Manaja ya hango ni ya washe baki, ya nuna min wani ƙusa da ba a rataye komai a kai ba, ya ce, "Ga wurinki nan." Tir! Na ce masa na manta wasiƙar a gida, alhali tana cikin jakata.

Akwai kuma abin da ban so in faɗa miki a takarda ba, amma dole. Rannan ban kai ɗakin da suke sa leda ba, ban san da wane tambari suke sayarwa ba. Yau a bakin ƙofa na tarar ana loda mota. Jar leda ce, mai hoton rana tana dariya. Shi ne burodin da kike shafa wa 'yan biyu bota a kai kullum, ki sa musu a jakar makaranta.

Wasiƙar tana nan. Idan kin ce in kai, zan kai, don ba na son in ga fuskar Mama idan ta ji sai baɗi. Amma ki sani ina ƙyamar hannun da ya rubuta ta.

Ki gafarce ni idan na tayar miki da hankali.
Ƙanwarki, Auta.

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya dai, da sauƙi.

Wasiƙarki ta same ni ina yanka burodin nan. Na ɗaga yanki guda a haske na duba da kyau, ba zan faɗa miki abin da na gani ba. Na zubar da shi a shara, 'yan biyu kuma dankali suka tafi da shi.

Yaga waccan. Ki rubuta sabuwa, don mutumin ya ba ki lokacinsa, godiya haƙƙinsa ce. Tsarin da na ba ki yana nan. A sakin layi na biyu, inda na ce ki ambaci abin da ya tsaya miki a rai, ki ambace shi duka, daga rariya har zufa, ki sa hannu da sunan sashenku. Ki yi kwafi biyu, ɗaya na shugaban wancan duba-garin mai shan shayi, tare za mu kai. Mu gani ko zai rataye ta a ƙusan.

Batun baɗi kuma, ki bar min Mama. Ni na sa ta kai ɗinki, ni zan je in karɓo.

Allah ya yi miki albarka.
Yayarki.