Inda Ƙanzon Yake Zuwa

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don babu motar Gezawa da ke zuwa inda kake. Ko kana raye ma da ƙyar za ka karanta ta, tunda kullum cewa kake rubutun bokona sai ni da na yi shi. Amma bakina ya cika da magana, kuma kai kaɗai nake so in faɗa wa. Shekara biyu ke nan ina yi maka hira a zuci, yau na ce bari in shimfiɗa tabarma in yi ta a rubuce.

Kowa lafiya. Damina ta yi albarka, gero ya yi, dawa ta yi, gyaɗa ce kawai ta ba mu kunya. Rumbunka na yamma ya tsage a gindi, an liƙe shi. Makarantar allon ƙofar gida tana nan, yaran unguwa suna zuwa safe da yamma, sai dai wanda ka bar wa ita ba ya da muryarka, shi ya sa suka raina shi. Autarka Sadiya ta yi tsawo har ta wuce ni, tana ajin ƙarshe a sakandare, bakinta kuma yana nan yadda ka bar shi.

To yanzu ka gyara zama, don ga babban labarin. Kare za mu kawo gidan nan. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu. Ina ganin fuskarka a idona yanzu haka, ka ɗaga gira ɗaya kana jan carbi da sauri. Kai da ko inuwar kare ta gifta ƙofar zaure sai ka tashi da sanda, ka sa yara su ɗauke alluna da butoci kamar gobara ta tashi. Ka yi haƙuri ka ji ta daga farko.

Bayan an gama girbi ɓarayi suka haura ta bayan gida, suka kwance tunkiyar nan mai baƙin kunne, wadda ka saya mini a kasuwar Gezawa, suka tafi da ita da cikinta. Ta ƙofar sashen ƙaninka Baffa Sule suka bi da ita, kuma ka san barcinsa, da shi suka ɗauka da gadonsa ma sai dai ya farka a can. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba tunkiyar kaɗai na yi wa ba.

Da labari ya kai wa babban ɗanka a Bacirawa, can cikin birni, ko rigar aiki bai cire ba ya hau babur ya zo. Ya ce ba zai bar ni da Sadiya a gidan da ake haurawa ba, mu haɗa kayanmu mu koma wurinsa kafin azumi. Malam, ka ga ɗakin da ya gyara mini? An shafa fenti, an sa fanka, ba laifi. Amma tagar bangon maƙwabci take kallo, kuma duk gidan siminti ne, babu inda za ka kafa turken akuya. Me zan yi a can? In wuni ina kallon talabijin ina jiran a dafa a miƙo mini? A gidan nan aka kawo ni, a nan na haifi 'ya'yanka, kuma in na tsaya bayan rumbu ina hango itatuwan maƙabartar da kake kwance. Na ce ba inda za ni. Shi ma ya kafe, don taurin kanka ya ɗauko kaf, bai bar wa kowa ba.

Sadiya ce ta kawo maganar kare. Ta ce karyar Mati maharbi ta haihu, a karɓo ɗan kwikwiyo ɗaya ya tashi tare da dabbobi, in ya girma ko ɓera ya motsa a turke sai unguwa ta sani. Yayanta ya ce in za a yi haka ya yarda in zauna. Har na fara murna, sai ga Baffa Sule ya buga ƙafa a ƙasa. Ya ce shi ne babba a gidan nan yanzu, kuma abin da wansa bai yarda da shi ba yana raye, ba za a yi shi a bayan ransa ba. Na tsokane shi yadda na saba, na ce to shi ya koma kwana a turke ya riƙa yi mana haushi. Ko murmushi bai yi ba. Sai na gane ba gardama yake yi ba, kewarka ce take cin sa, kuma wannan ce kaɗai hidimar da ya ga ta rage zai iya yi maka.

Nan fa na shiga uku. In na yi shiru, sai Bacirawa. In na yi magana, sai na tona maka asirin da na riƙe tun Sadiya tana goye.

E, Malam, na sani. Na san inda ƙanzon yake zuwa.

Ka tuna lokacin da ka fara cewa in riƙa ƙunsa maka ƙanzon tuwo kana tafiya da shi gona? Kai da turamen haƙoranka suka zube, ko gyaɗa sai an daka maka, me za ka yi da ƙanzo? Ban tambaya ba. Sai na fara ganin jan gashi gajere a ƙafar wandonka in ina wanki, kuma ba na akuya ba ne. Ran nan muna dawowa daga suna a ƙauyenmu ni da matan unguwa, muka biyo ta gefen gonarka. Daga nesa na hango ka tsugune a gindin ɗorawa, kana jiƙa ƙanzo a cikin fasasshen kasko, ga wata jar karya ramammiya ta zauna a gabanka tana kaɗa wutsiya. Magana kake yi mata da muryar nan da kake yi wa jarirai in ka zaci ba mai jin ka. Na san in matan nan suka gani, kafin magariba gari ya ɗauka cewa Malam mai makaranta yana kiwon kare a ɓoye. Sai na yi wuf na ce ɗan kunnena ya faɗi, na sa su duka suka sunkuya suna tonon yashi har ka tashi. Ɗan kunnen yana cikin tafin hannuna.

Tun daga ranar nake barin tuwo ya kama. Da gangan nake ƙara itace in an kusa kwashewa, don a samu ƙanzo mai kauri. Iya mahaifiyarka, Allah Ya ji ƙanta, ta yi mini faɗa har ta gaji. Ta ce duk surukanta ba wadda ba ta iya tuƙi ba sai ni, ta faɗa wa dangi, har aka riƙa yi mini dariya a wurin biki. Ni da na koyi tuƙin tuwo tun ban kai tsawon muciya ba! Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma in na tuna fuskarka a gindin ɗorawar nan, sai in ƙara tura itace.

Wannan ne na faɗa wa Baffa Sule, bayan na kwana biyu ina juya abin a raina. Na aika Sadiya ta kira shi, na tsaya daga cikin zaure na zayyana masa. Ya ce sharri nake yi wa mamaci don in samu abin da nake so. Na ce ya je ya tambayi Mati.

Ya je. Da ya dawo ya zauna a dakalin ƙofar gida yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mati ya gaya masa jar karyar tasa ce, tun tana ƙarama ta kamu da ciwo ya fid da rai da ita, kai ka tsince ta a gonarka ka yi ta ba ta abinci har ta miƙe. Ta mutu da daɗewa, amma 'yarta ta gaji wurin. Ya ce bayan rasuwarka 'yar ta daɗe tana zuwa gindin ɗorawar kowace safiya, ta kwanta har rana ta take, sannan ta koma gida. Ita ce ta haihu yanzu. Wannan ban sani ba, Malam. Da Baffa ya faɗa mini sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Ka zo ka ga Baffa Sule yanzu. Mutumin da ya rantse kare ba zai taka gidan nan ba, shi ne ya zama sarkin aikin. Ya je wurin liman ya dawo yana yi mana karatu, wai kiwon kare don gadin dabbobi da gona ya halatta, kamar mu ne muka ce bai halatta ba. Shi ya zaɓi wuri, a bayan katanga, jikin turken tumaki, don kada ya riƙa shigowa tsakar gida inda ake salla. Ya kwaɓa ƙasa, ya gina masa ɗan ɗaki, ya rufa da tsohon kwanon da ya rage daga rufin zaure. Sau biyu yana rushewa yana sakewa, wai ƙofar tana kallon inda ruwa ke bugowa. Ɗakin matarsa kuwa tun bara yake yoyo, ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa.

Sadiya kuma waya ta zame mata malami. Ta ce sai an sayo masa sabulu na musamman, da wani abinci na cikin gwangwani, da katifa. Na ce katifa? Ni da na haife ta a kan tabarma nake. An daidaita a kan tsohon buhu da ɗan tsumma. Abu ɗaya na ba ta gaskiya, maganar allurar haukan kare, yayanta ya yi magana da malamin dabbobi zai zo ya yi masa in ya ƙara ƙwari. Na ware masa kasko biyu, na ci da na sha, na shafa musu baƙin tukunya a baki don kada wata rana wani ya haɗa su da kwanukan gida. Na gaya wa kowa, duk wanda ya bari ya sa baki a ƙwaryata, shi zai yi wankin nan bakwai, ba ni ba.

Babban ɗanka ya so ya kai wa Mati kuɗi, irin na mutanen birni. Baffa ya hana, ya ce ba a cinikin kare, kunya zai ba mu. Goro aka kai masa da sallama. Mati ya karɓi goron, ya ce mu zaɓi wanda muke so in uwar ta yaye su. Baffa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta fatar wuya, wai wanda bai yi kuka ba shi ne jarumi. Duk suka yi kuka. Sadiya ta zaɓi wani ja mai farin ƙirji, wanda ya kama bakin zanenta ya ƙi saki.

Suna ne ya so ya raba gidan. Sadiya tana son na Turawa wanda harshena ba ya iya juyawa. Baffa yana son a sa masa Muna-ganinku, don duk lokacin da aka kira shi ɓarayin tunkiya su ji a jikinsu. Na bar su suka gaji, sannan na ce tunda ni zan ba shi abinci, ni zan raɗa. Sunansa Ƙanzo.

Malam, me ya hana ka faɗa mini? Tsoro kake kada in yi maka dariya? Da na yi, wallahi, har in riƙe ciki, amma da na ƙara maka da romo. Ni ma me ya hana ni cewa na gani? Kunya ce, irin tamu, da muka zauna shekara da shekaru ban taɓa kiran sunanka ba. Akwai wata rana da Iya take yi mini faɗan tuwo, ka ɗago kai daga littafi ka ce ta ƙyale ni, kai haka kake son sa. Ka kalle ni ta gefen ido, ka koma karatunka. Ka san na sani, ko? Na daɗe ina tambayar kaina. Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk wa'azin da na ji ka yi a ƙofar gida, babu wanda ya sa na ƙaunace ka kamar tsugunon nan na gindin ɗorawa.

Ka yafe mini da na tona. Gidanka na tsare da shi, kuma ba wanda ya rage ka a ido. Liman ma da ya ji, addu'a ya yi maka mai tsawo. Yanzu maganar Bacirawa ta mutu. Fankar da aka sa mini, na ce ɗanka ya kawo ta nan in wuta ta ga dama.

Tun da ka tafi tuwona bai sake kamawa ba, don ba wanda zan ƙona wa. Yau da yamma ina tuƙi, sai na ga hannuna ya kai ga itace da kansa. Sadiya ta fito da gudu tana ihu wai tuwo yana ƙonewa. Na ce na ji, ta bar shi. Ga ƙanzon nan na kankare, mai kauri irin wanda kake so, na jiƙa shi a kasko don haƙoran baƙon namu ba su yi ƙwari ba tukuna, kamar naka.

Sai mun zo, Malam. Allah Ya ji ƙanka, Ya sa abin da ka ciyar a ɓoye ya tarye ka a can.

Taka har kullum,
Uwar Sadiya, wadda ta iya tuƙin tuwo sarai.