Akwatin da Ya Ci Mosfet Ɗina

Litinin, 4 ga Maris

Yaya, mai shagonmu na gyaran kayan sola, ya yanke hukunci. Zan haɗa kwanbata ni kaɗai, akwatin da ke sauke wutar batirin sola daga bolt arba'in da takwas zuwa sha biyu. In ta ɗauki firij ranar Asabar ba ta ƙone ba, bencin aiki a shagon nawa ne. In ta ƙone, shagon tayar Kawu zai tura ni. Duk don na ɗaure igiyar takalmin Dogo a ƙafar kujera yana barci. Dogo dai shi ne babban ma'aikacinmu, mutum kamar falwaya, dariya ba ta san gidansu ba.

Talata, 5 ga Maris

Ta ƙone. Mosfet, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku da ke buɗe wa wuta hanya yana rufewa, ya yi tas, wari ya cika shago. Dogo bai ko ɗago kai ba. "Injiniya, an soya?"

Laraba, 6 ga Maris

Yaya ya ce kaya sun yi wa mosfet ɗaya yawa, in sa biyu su raba. Na sa. Na lashi yatsa na taɓa: na hagu sanyi ƙalau, na dama ya yi cuu. Kafin in zare waya ya tafi lahira.

Wannan hannun Dogo ne, ko rantsuwa zan yi. Ramuwa yake. Na kai ƙara, Yaya ya ce, "Kai da bakinka kake kawo ƙarar tsokana?" Har mai shayin ƙofar shago sai da ya dara. Ni ba a taɓa yarda da ni ba a gidan nan.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kulle akwatin a durowa, makulli a wuyana. Ba wanda ya taɓa. Ya sake ƙonewa, na daman dai.

To uban wa zan zaga?

Juma'a, 8 ga Maris

Kawu ya biyo, wai ya tanadar min rigar aiki. Ban ci abinci ba.

Da la'asar Dogo ya tsaya a kaina, ya ja wayoyina biyu da ɗan yatsa. "Wannan doguwa, wannan guntuwa. Ita wuta malalaciya ce irinka, gajeriyar hanya take bi, sai ta danne mosfet ɗaya, ɗayan yana hutawa. Kuma ka sa mata waya siririya kamar gashin gemunka, rabin ƙarfin a hanya yake zama zafi."

Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce shi ma da akwatin yake magana.

Haushi kamar in haɗiye dalma. Da ya fita na yanko wayoyi biyu masu kauri, na gwada su kai da kai, na cika dalma, na ɗaure mosfet ɗin biyu a faifan alminiyon ɗaya. Dama ni ma na kusa ganowa.

Asabar, 9 ga Maris

Firij ya tashi da gurnaninsa. Yaya ya ɗora bayan hannu a faifan, ya daɗe. Ɗumi kawai, su biyun daidai. "Wa ya nuna maka?"

Dogo na can yana shara. Na nuna shi da haɓa.

Kawu ya koma da rigarsa.

Ɗazu na kama wani ƙaton kyankyaso a bayan benci, ga takalmin Dogo a ajiye baki buɗe, shi yana alwala. Na jefar da kyankyason waje. Gajiya ce kawai.