Rabin Tiya da Sulusin Tiya: Kukana Kan Abin da Ya Sami Zuwaira

Zuwa ga Mai Girma Anspekta na makarantun faramare na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki. Ranka ya daɗe, ni manomi ne a wani ƙauye na karkarar Dogo-Dogo. A aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Na kawo kuka ne a kan ɗiyata Zuwaira, 'yar aji shida.

Na ɗaya. Bayan girbin gero aka ɗauke mushensu, wato malaminsu, aka turo wani saurayi. Ba shi da littafin lissafi ko guda. Da suka zo darasin haɗa rabi da sulusi, sai ya koya musu a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wai rabi da sulusi sun zama biyu bisa biyar.

Na biyu. Zuwaira ce ke auna wa uwarta gyaɗa ranar kasuwa. Ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, rabin tiya da sulusin tiya sun kusa cika tiya. Ya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya koma ƙasa da rabi?" Ya ce ta raina shi. Ya sa ta durƙusa a rana har aka tashi, yara na kiranta mai awon gyaɗa. Da ta dawo tana kuka, ni ma faɗa na yi mata, na ce yaro ba ya gyara malami. Wannan laifina ne, kuma yana cina.

Na uku. Sai bayan an kafa sakamakon jarrabawa, babu sunanta cikin waɗanda suka ci, na ɗauki kayenta, littafin da take rubutu a ciki, na hau babur zuwa Magaria wajen wani tsohon mushe, ɗan'uwan mahaifiyata. Ya zana mini a ƙasa: a fara mayar da su gida ɗaya. Rabi uku ne bisa shida, sulusi biyu bisa shida, a haɗa, biyar bisa shida. Ya ƙara da misalin sulusi da sudusi, ya ce uku bisa shida ne, in an rage ya zama rabi. Sannan ya rufe kayen ya ce: "Haruna, yarinyar nan ita ke da gaskiya." Da na dawo gida na tambaye ta abin da ta rubuta a jarrabawa. Ta ce irin na mushe, don ta ji tsoro.

Ban ce wannan darasi kaɗai ya kayar da ita ba. Amma tun ranar durƙuson ta daina buɗe kaye a gida.

Ranka ya daɗe, ba korar saurayin nan nake nema ba. Shi ma haka aka sako shi, babu horo. Roƙona a koyar da shi, a ba shi littafi, kuma wani daga ofishinka ya riƙa leƙo ajinmu. Ina kuma roƙon a bar Zuwaira ta maimaita ajin. Na ba ta haƙuri a gaban uwarta, ta ce ba komai, Baba. Amma yarinyar da ke damun gidan nan da tambaya, yanzu ko me ka faɗa mata sai ta ce to.

Allah ya taya ka riƙo, ya shirya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.
Haruna, mahaifin Zuwaira.