Gashin Zabi a Ƙugiya

Katagum, 4 ga Janairu, 1953

Zuwa ga Yaya Baturiya, gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Bayan haka, tun ranar da Baturen safiyo mai awon ƙasa ya tashi ya bar wa mijina Malam Bunu gorar fatsarsa ban sake samun kwanciyar hankali ba. A littattafan da nake karantawa, miji kan dawo wa matarsa da zane da turare. Nawa da jiƙaƙƙen wando yake dawowa.

Wai shi ba ya sa tana. Gashin tsuntsu yake ɗaurawa a ƙugiya, kifi ya zaci fara ce. Zabin da Inna ta ba ni duk ya fige musu wuya, sun daina ƙwai. Jan alharinin da nake ɗinkin hula da shi ma ya yanke. Shekaranjiya ya kama kifi, tsage kamar damtsena, ya dube shi, ya mayar ruwa. Wai haka Bature yake yi. Miyar kuka lami muka sha.

A gaida Baba da Inna. Wassalam.
Ƙanwarki, Zuliha

Azare, 11 ga Janairu

Zuliha, muna amsawa.

Bature da kukunsa da gwangwanayensa, in ya saki kifi me ya rasa? Malam Bunu fa? Motar Hammadu direba za ta zo Katagum ranar kasuwa. Ɗaure kayanki ki biyo shi, Baba zai kira mijin naki ya ji ko lafiyarsa ƙalau. Littattafan nan kuma ki bar su a can.

Yayarki, Baturiya

Katagum, 16 ga Janairu

Yaya, gaisuwa da ban girma.

Na ɗaure kayan. Na je sallama na tarar da shi yana fama da zare, yatsu kamar taɓarya. Bai ɗago ba ya ce, "Masunta Malam Saki suke kirana yanzu." Haushi ya sa na fizge ƙugiyar na ɗaure masa gashin zabin yadda ake ɗauri.

Uku ya kama da ita. Ya saki biyu, ya kawo mini ƙaramin yana murmushi kamar wanda ya kashe zaki. Har yanzu raina a ɓace yake.

Ki gaya wa Baba kada ya kira shi. Zabin na sa su a akurki, Hammadu zai kawo wa Inna. Ni ina nan.

Wassalam.
Zuliha